Gahawar Mutum Ɗaya: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa Da Gidanki?

 

A yawancin gidajenmu shayi ne sarkin karin kumallo. Ana dafa shi a babbar buta, a cika filas, kowa ya tsiyaya tun daga maigida har auta. Gahawa kuwa, wadda wasu ke kira kofi wasu kuma neskafe, sau da yawa mutum ɗaya ne ke shan ta a gidan: ko maigida kafin ya fita aiki, ko ke kanki bayan kin sallami yara makaranta, ko babban ɗanki mai karatun dare, ko baƙon da ya ce shi ba ya shan shayi. To a nan ne matsala ke tasowa. Idan kin dafa cike da filas, rabi zubar da shi za a yi, domin gahawar da ta jima a ajiye ƙamshinta gudu yake yi ya bar ɗaci, ga ta kuwa da tsada. Idan kuma kin tsaya a kan 'yar ledar nan mai haɗe da sukari da madara, wata rana sai ki ji maigida yana ta yabon wadda ya sha a ofis ko a gidan abokinsa, abin da babu matar da ke son jin sa.

Saboda haka a wannan wata muka kawo miki hanyoyi shida na haɗa kofi ɗaya tak, da abin da kowace ke buƙata, da lokacin da take ci, da kuma inda aibinta yake, domin kada ki kwashi kuɗin cefane ki sayi na'urar da za ta ƙare a saman kabad tana shan ƙura. Don kada mu rikice, duk inda muka ce gahawa abin shan muke nufi, inda muka ce kofi kuwa mazubin.

Abin da ya kamata ki fara sani

Asalin itacen gahawa ƙasar Habasha ne, amma a Yaman aka fara sanin ta a matsayin abin sha, inda tun ƙarni na 15 sufaye ke shan ta domin su samu ƙarfin raya dare da ibada. Sunan ma da muke kiran ta da shi daga Larabci muka aro. Iri biyu ne suka cika kasuwa, arabika da robusta. Arabika ta fi ƙamshi da laushi a baki, ita ce ma ake nomawa a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Robusta ta fi ɗaci da araha, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta, wato abin da ke kore barci, ya kusan ninka na arabika. Yawancin gahawar gwangwani da robusta ake yin ta.

Ko da wace hanya za ki bi, ki riƙe awo. Kofi ɗaya babba yana cin ruwa mililita 250, wato rabin ledar fiya-wata, da garin gahawa giram 15, kimanin babban cokali uku a shafe. Idan ya yi wa mai sha ƙarfi ki rage rabin cokali, amma kada ki riƙa zubawa da ka, domin abin da ke sa yau ta yi daɗi gobe ta yi salam ke nan.

Sai kuma ruwa. Ki yi amfani da ruwan da kike sha, marar wari, domin kusan dukkan abin da ke cikin kofin ruwa ne. Zafin da ake so shi ne digiri 90 zuwa 96, kuma ba sai kin nemi ma'auni ba: idan ya tafasa ki sauke, ki ba shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ki zuba.

Na ƙarshe shi ne niƙa. Kowace hanya da irin garin da take so. Wadda gari ke daɗewa a cikin ruwa tana son mai tsaki-tsaki, wadda kuwa ruwa ke ratsawa da sauri tana son mai laushi. Idan kin ji gahawarki ta yi ɗaci fiye da kima, to garin ya yi laushi da yawa ko ya daɗe a ruwa. Idan kuma ta yi tsami da ruwa-ruwa, garin ya yi tsaki ko lokacin ya yi kaɗan.

Hanya ta farko: gahawar gwangwani

Wannan ita ce kowa ya sani, kuma babu wadda ta kai ta sauri. A masana'anta aka riga aka dafa ta, aka busar da ruwan ya zama gari, shi ya sa take narkewa ba tare da ta bar tsaki ba. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a shekarar 1938 a ƙasar Suwizalan, har sunan ya zama na kowace irin gahawa a bakin mutanenmu.

Ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ya isa kofi guda. Ga wata dabara: ki fara dama garin da cokali ɗaya na ruwan sanyi har ya narke, sannan ki zuba ruwan zafin. Za ki ji ɗacin ya ragu. Wajen kuɗi ma ita ce ta fi sauƙi, domin gwangwani mai giram 50 zai ba ki kofi 25 idan cokali ɗaya kike sawa, alhali ledar garin gahawa mai giram 250 kofi 16 kawai za ta yi.

Aibinta shi ne ƙamshinta bai kai na wadda aka dafa a take ba. Game da 'yar leda mai haɗi uku kuwa, ki juya bayanta ki karanta jerin abubuwan da ke ciki. Ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, kuma galibi sukari za ki gani a farko, gahawar tana can baya. Idan maigida yana da ciwon sukari, ko likita ya ce ya rage zaƙi, ki sayi zallar gahawar ki haɗa da hannunki.

Hanya ta biyu: 'yar tukunya da mataci

Idan kin samu garin gahawa na ainihi, ba dole ne ki sayi komai ba. Ki tafasa ruwanki a 'yar ƙaramar tukunya mai tsabta, ki sauke, ki zuba garin ki juya sau ɗaya, ki rufe na minti huɗu. Daga nan ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan matacin shayi ki tace a kofi. Shi ke nan. Ƙyallen ki ware shi don wannan aiki kawai, ki wanke shi da ruwan zafi ba tare da sabulu mai ƙamshi ba, ki shanya ya bushe sarai.

A wannan hanya ce za ki iya sa kayan ƙamshi yadda kike so. Duk wadda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji ko Umara ta ga gahawar Larabawa, wadda ba a soya 'ya'yanta har su yi baƙi, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa. Ana dafa ta da hel, ba a sa mata sukari, ana sha a ɗan finjali da dabino. 'Yan uwanmu na Sudan kuwa suna soya 'ya'yan su yi duhu, su daka a turmi, su dafa da citta, su juye a 'yar butar ƙasa da suke kira jabana. Ke ma za ki iya jefa 'yar citta, ko kanumfari ƙwara biyu, ko ɓallin girfa a cikin ruwan tun yana kan wuta.

Akwai kuma salon Turkawa, wanda dama don finjali ɗaya aka yi shi. Garin yana da laushi kamar fulawa. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a cike cikin ruwan sanyi finjali ɗaya, ki sa sukari tun a lokacin idan ana so, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Da zarar kumfa ta taso ki sauke kafin ta zube, ki juye ba tare da tacewa ba, a jira minti ɗaya ko biyu garin ya kwanta. Ba a shanye na ƙasan kofin. Hukumar UNESCO ta sa gahawar Turkawa cikin jerin al'adun duniya a 2013, ta Larabawa kuma a 2015.

Hanya ta uku: mazurari da takardar tata

Uwargida, wannan hanya wata matar aure ce irinki ta ƙirƙiro ta. Sunanta Melitta Bentz, a garin Dresden na ƙasar Jamus. Tsakin gahawa ne ya ishe ta a cikin kofi, sai a shekarar 1908 ta huhhuda gindin wani kwanon tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawarta ta fito tas. Kamfanin da ta kafa yana nan har yau da sunanta.

Abin da ake sayarwa yanzu kamar mazurari yake, na roba ko na tangaran, ana ɗora shi a bakin kofi. Ki sa takardar a ciki, ki jiƙa ta da ruwan zafi ki zubar da ruwan don warin takarda ya fita. Ki zuba gari mai matsakaicin laushi, kamar yashi, ki ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙa shi, ki jira rabin minti za ki ga yana kumbura. Sannan ki ci gaba da zuba sauran ruwan a hankali kina zagayawa. Duka-duka minti uku ne.

Gahawar da take fitowa a nan ita ce ta fi tsabta da fitar da ƙamshi, wanke-wanke kuma babu, domin takardar kawai za ki ɗauke ki jefar. Matsalarta ita ce takardar: kullum sai an saya, kuma ba kowane shago ke da ita ba. Kafin ki sayi mazurarin ki tabbatar kin san inda za ki riƙa samun takarda daidai girmansa. Kada ki musanya ta da takardar goge hannu, domin yagewa take yi, wata ma da turare a jikinta.

Hanya ta huɗu: butar dannawa

Wannan doguwar buta ce ta gilashi ko ta ƙarfe, murfinta yana da sanda mai ɗauke da rariyar ƙarfe. Turawa suna danganta ta da Faransa, ko da yake wani ɗan Italiya mai suna Attilio Calimani ne ya yi rajistar irin wadda ake amfani da ita a 1929. Ki nemi ƙarama mai cin mililita 350, ita ce ta mutum ɗaya.

Ki zuba gari mai tsaki-tsaki, ki zuba ruwa, ki juya, ki ɗora murfi ba tare da kin danna ba. Bayan minti huɗu ki danna sandar a hankali har ƙasa, ki juye a kofi nan take. Idan kin bar ta a ciki za ta ci gaba da jiƙa har ta yi ɗaci. Ba ta buƙatar takarda, ba ta buƙatar lantarki, kuma gahawarta tana da kauri da maiƙo a baki, tana karɓar madara sosai. Har ganyen shayi za ki iya jiƙawa a ciki. Sai dai ta gilashi ba ta jure faɗuwa, don haka a gida mai ƙananan yara ta ƙarfe ta fi. Wajen wankewa kuma ki kwashe tsakin da cokali ki kai shara ko wurin takin shuka, kada ki tura shi magudanar wanke-wanke ya toshe miki ita.

Hanya ta biyar: butar moka

Idan maigida mai son gahawa mai ƙarfi ne, irin wadda ake sha a ɗan finjali, to wannan ce tasa. Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a Italiya a 1933, sunanta kuma daga Mokha ne, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Yaman a bakin Bahar Maliya. Kashi uku ce: gindi na ruwa, ɗan kwando na gari a tsakiya, sai sama inda gahawar ke taruwa. Tururi ne ke tura ruwan ya ratsa garin ya hau.

Ki zuba ruwa a gindin ya tsaya ƙasa da 'yar ƙusar da ke gefe, wadda ke fitar da tururi idan ya yi yawa. Ki cika kwandon da gari mai laushi ki shafe bakinsa, amma kada ki danna. Ki murɗa sosai, ki ɗora a wuta marar ƙarfi. Cikin minti biyar ko makamancin haka za ki ji tana gurnani, sai ki sauke. Tana aiki a kan gas, da risho, har da gawayi idan wutar ta kwanta.

Ki kula da abu biyu. Idan kin ga an rubuta kofi ɗaya a jikin kwalinta, ɗan finjalin Italiyawa ake nufi, wanda bai wuce kurɓa uku ba. Mai lamba biyu ko uku ita ce za ta cika miki kofi idan kin ƙara ruwan zafi ko madara. Kada kuma ki sayi babba da nufin ki riƙa yin rabi, domin ba ta yin kyau sai an cika kwandon. Na biyu, kada ki kwance ta tana da zafi, kuma ki riƙa duba robar da ke tsakiya, idan ta tsage a canza.

Hanya ta shida: na'urorin zamani

Akwai AeroPress, wadda wani Ba'amurke mai suna Alan Adler ya fito da ita a 2005. Kamar ƙaton sirinji take, ta roba mai ƙarfi. Ana sa 'yar zagayayyiyar takarda a gindinta, a ɗora a kan kofi, a zuba gari da ruwa, a juya, bayan minti ɗaya ko biyu a danna. Ba ta fashewa, wankinta ɗauraya ce kawai, kuma tana shiga jaka, don haka ta dace da maigida mai yawan tafiya. Daga waje ake shigo da ita, kuɗinta ya fi na mazurari nesa ba kusa ba.

Sai injin lantarki mai cin 'yan kwanso, irin su Nespresso da aka fara sayarwa a 1986. Kwanso ɗaya kofi ɗaya, ki danna maɓalli kawai, kafin minti ɗaya ya cika an gama. Amma ki yi lissafi kafin ki saya. Kuɗin injin somin-taɓi ne, domin kowane kofi sai kin sayi kwanso, kuma sai irin wanda ya dace da injin. Garin da ke cikin ƙaramin kwanso bai wuce giram biyar zuwa shida ba. Bugu da ƙari, irin waɗannan injuna suna jan wuta sama da wat 1,000, abin da ƙaramin janareto ba lallai ya ɗauka ba. Ranar da aka ɗauke wuta da asuba, 'yar tukunyarki za ki koma.

To wacce za ki ɗauka?

Idan baƙo ne kawai ke sha jefi-jefi, ki ajiye ƙaramin gwangwani, ya wadatar. Idan kullum ake sha amma aljihu ba nauyi, ki sayi garin gahawa mai kyau ki yi ta 'yar tukunya da ƙyalle, kuɗin na'urar ki ƙara a kan ingancin garin. Mai son ƙamshi da tsabtar kofi, mazurari ne nasa. Mai son ta da kauri da madara, butar dannawa. Mai son ta da ƙarfi, moka. Injin kwanso kuwa sai gidan da wuta ta zauna kuma kuɗin kwanson ba zai taɓa na cefane ba.

Lafiya uwar jiki

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa babba mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a yini, amma mai juna biyu da mai shayarwa kada su wuce 200. Bisa lissafin hukumar lafiya ta Ingila, babban kofi na gahawar gwangwani yana da kusan miligiram 100, na tatacciya 140, na shayi kuma 75. Ki lura, goro da lemon kwalba baƙi su ma suna da kafeyin, duk a lissafi ɗaya suke. Wato mai ciki da ta sha tatacciyar gahawa kofi ɗaya da shayi kofi ɗaya ta riga ta haura iyaka.

Haka kuma gahawa da shayi suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Idan ana ba ki maganin ƙarin jini a wurin awo, kada ki kora shi da ɗayansu, ki bar tazarar aƙalla awa ɗaya ko biyu. Wanda likita ya ce kitsen jininsa ya hau, gahawar da aka tace da takarda ko ta gwangwani ta fi masa, domin wadda ba a tace da takarda ba, irin ta tukunya da ta butar dannawa, tana ɗauke da wani mai da ke ƙara wannan kitse idan ana yawan sha. Mai hawan jini, ko bugun zuciya, ko gyambon ciki, ya tambayi likitansa gwargwadon da zai sha. Ƙananan yara kuwa ba nasu ba ce.

Kafeyin yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin bayan Magariba shi ne ke hana barci har tsakar dare, a makara sallar Asuba. Wanda kuma ya saba sha kullum, idan ya daina kwatsam yakan yi fama da ciwon kai na 'yan kwanaki. Shi ya sa wasu ke wahala a farkon azumi. Tun Sha'aban ki fara rage wa maigida awon kaɗan-kaɗan, kafin a ga wata jikinsa ya saba.

Ajiya

Iska, da zafi, da danshi su ne maƙiyan gahawa. Ki juye ta a kwalba mai murfi mai kamawa, ki ajiye nesa da murhu da kuma nesa da daddawa da yaji, domin tana ɗaukar wari. Kada ki tsoma jiƙaƙƙen cokali a gwangwani, musamman da damina, nan da nan za ta dunƙule. Ki riƙa sayen kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako uku ko huɗu bayan an buɗe. Idan kuma 'ya'yan gahawa kika samu ba a niƙa ba, ki riƙa daka na ranar kawai a ɗan turmin da ba ki taɓa daka tafarnuwa ko barkono a ciki ba. Ƙamshin da zai tashi shi da kansa zai fito da maigida daga ɗaki.

Uwargida, ki gwada wadda ta yi daidai da gidanki, ki rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun sake haɗuwa a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. A sha lafiya.